Musayar Waƙa: Lambobi Shida a Takardar Jarumi

Binta:
Assalamu alaikum. Makon jiya na fara zama a teburin Dungeons & Dragons, wasan nan da kowa ke ƙirƙirar jarumi a takarda, jagora na ba da labari, dayis, wato ƙwayar da ake jefawa mai lambobi a fuskokinta, na yanke hukunci. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Tambaya ce da ni, ban gane ba.

An miƙo mini takarda mai gurbi 6,
An ce in cike, ban taɓa gani ba.

Ƙarfi da Zafin nama, sai Juriya,
Kaifin ƙwaƙwalwa ba a bar shi ba.

Hikima na nan, Kwarjini ya rufe,
Kowanne da lamba, ba a bar fili ba.

Na jefa dayis, Zafin nama 15,
Murna ta kama ni, ban ɓoye ba.

Ƙawata nata 14 ya tsaya,
Na ce yau kam ba ta kamo ni ba.

Da muka zo bin siririyar gada,
An ce duk mu ƙara 2, ba a bambanta ba.

To ina amfanin ɗayan da na fi ta?
Yayye da iyaye ku faɗa min, ban huce ba.

Malam Sani:
Ƙanwata Binta, kwantar da rai,
Jagoranku ya yi daidai sarai,
Lambar takarda uwa ce kawai,
Abin da take haifa shi ake kira ƙari.

Cire 10 daga lambar da kika samu,
Raba saura biyu, haka yake a wasanmu,
Rabin da ya yi saura ba ya cikin namu,
A yi ƙasa da shi, wannan ne tsari.

14 ki cire 10, ga 4 a hannu,
Raba biyu 2 ne, lissafa a sannu,
Naki 2 da rabi ne, rabin bai zaunu,
Ke da ƙawarki layi guda kuka yi jeri.

Mai 10 da mai 11 ba su da komai,
Mai 8 da mai 9 a rage 1 kawai,
Mai 18 na da 4, ya more sosai,
A 20 ake tsayawa da 5, nan ne ƙarshen wuri.

Sai ki ɗau dayis mai fuska ashirin,
Ki jefa, ki haɗa da wancan ƙarin,
Jagora na riƙe da lambar da za ki kai, nauyin al'amarin,
10 mai sauƙi, 15 tsaka, 20 sai da shiri.

Ɗayan nan naki ajiya ne, ki adana,
Matakin girman jarumi na 4 na tafe wata rana,
Maki 2 za a ba ki, ki zauna ki auna,
1 ya kai ki 16, ɗayan ki kai wani wuri.

Ita ƙawarki sai ta zuba duka biyun a Zafin nama kafin ta kai 16. Nan ne za ki ga amfanin ɗayanki.

Baba Audu:
'Yata, Sani ya gama miki lissafi. Ni jefa dayis ɗin da kika yi zan yaba.

A 1974 aka haifi wasan nan,
A Amurka ya fara bayyanawa.

Gary Gygax da Dave Arneson,
Su biyu ne suka fara tsarawa.

Dayis 3 masu fuska 6 za ka jefa,
Abin da ya fito shi kake rubutawa.

Gurbi bayan gurbi, a jere suke,
Ba ka da ikon ɗauka kana musanyawa.

Hanya 216 dayis ke iya kwanciya,
Guda tak cikinsu ke kai 18 in an tarawa.

10 kuwa tana da hanya 27,
Shi ya sa tsakiya ta fi yawan fitowa.

Na so mayaƙi, sai Ƙarfi ya fito 7,
Hikima 16 na hango tana haskawa.

Na yi mai warkarwa, abin da ban nufa ba,
Shekara 2 muna tare, ba na gajiyawa.

Ƙofa in ta cije sai in matsa gefe,
In an ji rauni ni ake ƙwalla wa.

Jarumin da ka tsara ka san shi tun fari,
Wanda dayis ya ba ka, kullum kana ganowa.

Yaya Musa:
Baba, na durƙusa, ba musu nake ba,
Amma abin da na gani ban manta ba,
Daɗin dayis bai game kowa ba,
Wani na dariya, wani na cizon yatsa.

Mun jefa dayis 4 muna zubar da ƙarami,
Ɗaya ya tashi da 17, ga jarumi,
Wani yaro a gefe ya zabga tagumi,
12 ce babbar lamba a takardarsa.

Wata 3 ana wasa yana bin baya,
Ya kai sara ya kuskure, wancan ya iya,
Rannan kujerarsa ta zauna ita ɗaya,
Har yau ina jin nauyin rashinsa.

Tun sannan maki 27 nake rabawa,
Kowane gurbi daga 8 yake farawa,
Duk mataki guda da kuɗin hawa,
Mai son ya hau sai ya taɓa jakarsa.

13 maki 5 kawai take ci,
14 ta ci 7, hawan ya yi ƙunci,
15 kuwa 9, nan aka yanke hukunci,
Ba mai wuce nan sai da ƙarin asalinsa.

Wanda lissafi ya dama, ga jeri a shirye,
15, 14, 13, 12, 10, 8, ba a ɓoye,
Ka tara kuɗinsu, 27 ne kai tsaye,
Kowa ya zauna daidai da ɗan'uwansa.

Baba Audu:
Musa, yaron nan ya taɓa min zuciya,
Da ni ne jagora, sai ya sake jefawa.

Amma 17 ƙarinta 3, 12 ƙarinta 1,
Fuska 2 cikin 20 ce ke rabawa.

Kashi 10 cikin 100 ke nan kacal,
Don wannan za mu daina jefawa?

Yaya Musa:
A jifa guda kaɗan ne, Baba, na yarda,
Amma dare ɗaya sau nawa ake gwada,
Sara da kauce wa tarko da bin gada?
Kaɗan-kaɗan ɗin ne ya taru a kansa.

Malama Zainab:
Ku bar ni da Binta tukun, akwai gurbin da sababbi ke rainawa, kuma shi ke kashe musu jarumi.

Binta, ko dayis ko rabon maki,
Roƙona guda, kar ki yar da Juriya.

Ba ta sara, ba ta harbi, ba ta magana,
Shi ya sa ake ture ta can baya.

Mai sihiri makin ransa 6 ne a fari,
Da Juriya 8 sai 5 ya tsaya.

In 14 ce sai ya tashi da 8,
Kowane mataki ratar na ƙara 3 a hanya.

A mataki na 10 ta zama maki 30,
Tsakanin mai faɗuwa da mai tsira da wuya.

Guba in ta shiga, ita ake tambaya,
Sihirin da aka riƙe, in an sha duka, ita ce garkuwa da kariya.

Sannan ki rarrabe ƙwaƙwalwa da Hikima,
Mutane da yawa na ɗaukarsu ɗaya.

Kaifin ƙwaƙwalwa ya karanta rubutun bango,
Ya tuna sarkin da ya gina ganuwar a baya.

Hikima ce ke jin takun ƙafa a duhu,
Ta kalli idon baƙo ta gane ƙarya.

Kwarjini kuwa ba kyan fuska ba ne,
Nauyin magana ne, a ji ka a yi biyayya.

Malam Sani:
Malama ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya a kan tambayar Binta: wannan lissafi na cire 10 a raba biyu bugu na 3 na dokokin wasan ne ya kawo shi a 2000, kafin nan kowane gurbi da jadawalinsa daban. Kuma damuwarki ba ke kaɗai ba ce, don masu tsara Pathfinder, wani wasa makamancin wannan, a gyaran da suka yi a 2023 sun cire manyan lambobin gaba ɗaya, sun bar ƙarin kawai.

Binta:
Na gode Malam, Baba, Yaya da Malama,
Jiya mun zauna, ban je da fushi ba.

Kwarjinina 7 ne, ragin 2 ke nan,
Da na so in ɓoye, yanzu ban ɓoye ba.

Mun iso ƙofar birni da dare,
Mai gadi ya ce ba a buɗe wa baƙi ba.

Mawaƙinmu na kwance da rauni a keke,
Ba wanda zai yi magana in ba ni ba.

Na ce masa ɗan'uwanmu na zubar da jini,
Jagora ya ce 15, bai rage min ba.

Dayis ya gangara ya daki kofin ƙawata,
Ya tsaya a 17, ban yi numfashi ba.

Na cire 2 da yatsa, 15 cif,
Aka zare sakata, ba mu kwana waje ba.

Juriyata 13, Malama, na duba,
Can zan kai makin nan, ban manta ba.