Sunan waifai ɗaya a mesh, ko dai in raba 2.4 da 5?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masana ku taimaka min. Na saka mesh (na'urorin waifai da ke haɗuwa su rufe gida gaba ɗaya) mai guda uku a gida, ɗaya a falon ƙasa ɗaya a sama ɗaya kuma a ɗakin baƙi na waje, to tsohuwar rawuta ta da sunaye biyu take nunawa, ɗaya na zangon waifai na 2.4GHz ɗaya na zangon 5GHz mai 5G a ƙarshen sunan, wannan kuwa suna ɗaya kawai ya bani. Wayoyi da talabijin duk sun hau lafiya amma ɗan abin nan da ake maƙalawa a jikin inbata na sola da kyamarar ƙofar gida sun ƙi hawa sam, manhajar sai ta yi ta juyi ta ce a duba waifai. Shin in nemi yadda zan raba sunayen ne ko akwai wata dabara?

Ɗan Fam Santa:
Wa alaikumussalam Alhaji. Ni dai shawarata ka raba kawai ka huta. Waɗannan ƙananan na'urorin, kyamara, soket mai waifai, na inbata, kusan duk 2.4 kaɗai suka sani, basa ma ganin 5 ɗin. In ka raba kai ne da zaɓi, talabijin ka ɗaure ta a 5 sauran tarkacen a 2.4. Sai dai ba kowane mesh ke yarda ba fa, mesh na kamfanin Asus yana bari ka kashe Smart Connect, wato saitin da ke haɗa zangunan biyu a suna ɗaya, ka ba kowanne sunansa, Google Nest Wifi kuma babu wannan zaɓin kwata kwata. Wane iri ne naka?

Injiniya_Tk:
Maigida Ɗan Fam Santa ina girmama ra'ayinka amma a gida irin wannan ban goyi bayan rabawa ba. Alhaji ka gane, 2.4 yana da dogon zango yana ratsa bango amma bashi da sauri kuma cunkoso ya masa yawa, hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da basa shiga juna, 1 da 6 da 11, ga na maƙwabta ga Bluetooth duk a nan suke. Shi 5 gudu gare shi amma bulo na siminti da dakin (rufin kankare) mai rodi suna cinye shi, ka fita falo ka shiga ɗaki biyu ya rage rabi. To dalilin sayen mesh ɗin ai shine kana tafe da waya a hannu daga ƙasa zuwa sama ta sauya da kanta ta kama wanda ya fi kusa, in 5 ya yi rauni ta gangara 2.4 ba tare da kiran WhatsApp ɗinka ya katse ba. Da zarar ka raba sunaye wayar zata liƙe wa wanda ta fara kamawa, sai ka ga uwargida tana zaune kusa da na'urar amma wayarta na kan 2.4 tun daga tsakar gida, bidiyo na ta tsayawa, ko kuma tana kan 5 mai sanda ɗaya a kicin taƙi saki.

Kuma abin da mutane da yawa basu sani ba, na'ura mai 2.4 kaɗai tana iya hawa suna ɗaya ɗin nan lafiya lau, tunda 2.4 ɗin yana nan yana fita. Inda ake samun cikas lokacin haɗawar farko ne, wayarka tana kan 5 ita kuma manhajar tana son wayar da na'urar su kasance a layi ɗaya kafin ta miƙa mata fasawod. Shiga manhajar mesh ɗin ka kashe 5 na ɗan lokaci, ka haɗa inbatar da kyamarar, ka mayar da shi. Mesh irin Deco na bari a yi haka, irin eero ma yana da maɓallin dakatar da 5 na wucin gadi. In duk da haka sun ƙi, duba tsaro, in yana kan sabon tsarin WPA3 mayar da shi tsohon tsarin WPA2 domin tsofaffin na'urori basa jin wannan yaren, sannan ka kashe Fast Roaming, saitin saurin sauyawa daga wata na'urar mesh zuwa wata, shima yana rikita su.

Maman Walid:
Gaskiya Injiniya ya faɗa. Mu a gidanmu layin baƙi muka buɗe muka saita shi 2.4 zalla, kyamarori da soket duk suna can, wayoyinmu kuma suna babban suna. Har na fi samun natsuwa don yaran maƙwabta in sun roƙi fasawod na baƙin nake basu. Abu ɗaya dai, wasu mesh ɗin suna hana layin baƙi magana da na cikin gida, in kyamararka irin wadda ake kallo kai tsaye ta waifai ce ba ta intanet ba sai ka kula da wannan.

Ɗan Fam Santa:
Toh na yarda da batun waya Injiniya, amma talabijin ai bata yawo, me zai sa a bar ta tana zaɓe?

Injiniya_Tk:
Talabijin a ja mata kebul kawai maigida, bayan yawancin na'urorin mesh akwai ramin kebul. In ma Alhaji zai iya jan kebul ɗin intanet na Cat6 tsakanin na'urar mesh ta ƙasa da ta sama ya fi komai, don yanzu ta iska suke magana da juna ta cikin rufin kankaren, rabin ƙarfin a nan yake tafiya.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na kashe 5 ɗin inbata ta hau nan take, kyamarar ce sai da na koma WPA2. Injiniya kebul ɗin nan zai jure rana da ruwa in an bi da shi ta bayan gini zuwa sama, ko sai an saka shi cikin fayif?