Yarona na son ɗage jami'a shekara ɗaya ya bi gasannin sikwash. Wa ya taɓa bin wannan hanya?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka gani da idonsu. Yarona shekararsa 18, ya gama sakandare, ya samu gurbin karatun injiniya. Tun yana ƙarami yake buga sikwash, wasan da mutum biyu ke buga ƙwallo a bango da raket, yanzu kuwa babu mai iya tsaya masa a kulob ɗinsu. Kocinsa ya ce a ɗage karatun: ya je gasar matasa ta Birtaniya da ake yi a Birmingham cikin Janairu, tunda wannan ce damarsa ta ƙarshe a rukunin 'yan ƙasa da 19, sannan ya yi rajista da PSA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan sikwash ta duniya, ya shiga ƙananan gasanninta da ake kira Challenger, in Allah ya sa a kai shi gasar matasa ta duniya a tsakiyar shekara. Abin da na tara dala 12,000 ne, babu ƙari. Jami'ar ta yarda ta riƙe masa gurbin shekara ɗaya tak. Mahaifiyarsa ba ta so. Tambayata biyu ce: kuɗin zai kai ƙarshen shekara? Kuma shekara ɗaya ta isa a gane ko yaro zai iya cin abinci da wasan nan?

Abu Raket:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kai shi Masar kawai. Can wasan yake. Nour El Sherbini ta ci kofin duniya sau 8, ta kamo Nicol David ta Malesiya a 2025. Ali Farag ya ci sau 4. Mostafa Asal ya ci a Shikago a 2025. Amina Orfi ta ɗauki kofin matasa na duniya sau huɗu a jere. Duk daga kulob-kulob na Alƙahira da Iskandariyya suka fito, irin su Wadi Degla da Heliopolis da Smouha. Wanda bai buga da yaran Masar ba bai san matsayinsa ba tukuna.

Maman Ilham:
Ni dai jami'ar Amurka zan ce. Ai shi Ali Farag ɗin da ake ambata a Harvard ya karanta injiniya, yana karatu yana wasa, ya gama ya zama na ɗaya a duniya. Amanda Sobhy ma can ta yi. Ku nema masa sikolashif na wasa, ya haɗa biyun.

Malam Tsohon Ɗan Wasa:
Hajiya, jami'o'in rukunin Ivy League, wanda Harvard ke ciki, ba sa ba da sikolashif don wasa. Tallafinsu gwargwadon ƙarfin iyaye ne, kuma sai yaro ya cika sharaɗin karatu kafin a duba raket ɗinsa. Farag kuma ya shiga can ne bayan ya kai wasan ƙarshe na gasar matasa ta duniya, ba daga zakaran kulob ba. Bayan haka mutumin nan ya ce yaron ya riga ya samu gurbi.

Kawu Mai Haƙuri:
Baban Sadiq, ka karanta nawa da kyau, don abin da kake shirin yi shi na yi. Nawa ma haka ya fi ƙarfin kowa a inda yake. Na tura shi wata makarantar horo a ƙasar waje, ba zan kama suna ba. Sun karɓi kuɗin rabin shekara tun kafin ya sauka daga jirgi. Babban kocin da hotonsa ke jikin tallarsu yana yawon gasanni da manyan 'yan wasansa, yarona sai dai ya hango shi. Wani matashi aka bar musu yana jefa musu ƙwallo. Filin kuma sai tsakar rana ake ba su, lokacin da babu mai so.

Gasar farko da ya shiga, duka kuɗin kyautar dala 6,000 ne. Ku lura, wannan ba na zakara ba ne, shi ake rabawa tun daga zakara har wanda aka fitar a zagayen farko. Aka haɗa shi da wani da ya daɗe a harkar, kafin rabin awa an gama, 3-0. Abin da aka ba shi bai biya kuɗin masauki ba, balle jirgi. Ta biyun a Turai ce, na sayi tikiti, na kama ɗaki, aka hana shi biza ana saura 'yan kwanaki, duk da takardar gayyatar masu gasar. Kuɗin ya tafi, makin jadawalin duniya babu.

Sai gwiwa. Ya miƙa ƙafa zai ɗauko ƙwallo a kusurwar gaba, ta murɗe. Ya kira ni da dare ta bidiyo, yana zaune a ƙasa, ledar ƙanƙara a kan gwiwa tana ɗiga, yana cewa Baba ka yi haƙuri. Shi ke ba ni haƙuri! Makarantar ba ta mayar da ko sisi ba, wai yarjejeniya ce. Kafin ya warke gurbin karatunsa ya wuce, sai da ya sake nema daga farko. Na kashe sama da dala 20,000. Dubu 12 ɗinka ba za ta ga tsakiyar shekara ba. Ka saurari uwar ɗanka.

Maman Ilham:
Innalillahi. Kawu, Allah ya ba shi lafiya, ya mayar maka da alheri. Gwiwar ta warke yanzu?

Kawu Mai Haƙuri:
Amin Hajiya. Yana tafiya lafiya, amma in ya tsuguna tana masa ciwo. Bai sake riƙe raket ba.

Yaya Ummi:
Allah ya ƙara sauƙi Kawu. Amma gaskiya lissafin bai zama dole ya kai haka ba. Ni na riƙe kuɗin ƙanwata a shekarar da ta yi, dala 8,000 ya ishe mu. Ba mu biya wata makaranta ba. Gasanni masu kusa da juna muka zaɓa, ta hau jirgi sau ɗaya ta buga biyu ko uku. A ƙananan gasanni da yawa 'yan kulob ne ke sauke 'yan wasa a gidajensu kyauta, sai dai ka rubuta wa mai shirya gasar da wuri. Inda kuɗi ya tsiyaye mana ba mu zata ba shi ne igiyar raket da takalmi. Mai buga wasa kullum igiya ba ta daɗe masa, takalmi kuwa tafinsa na sulɓewa tun saman yana sabo.

Abu Raket:
Dala 8,000? Yaya Ummi, wace shekara ce wannan? Wani da na sani ya ce in da koci a tafiyar, 30,000 ma ba ta isa.

Yaya Ummi:
Wa ya ce da koci? Wanda ke can ƙasan jadawali ba ya yawo da koci. Waya ake kafawa a bayan gilashi a ɗauki wasan, a tura masa da dare.

Kawu Mai Haƙuri:
To ƙanwar taki tana ina a jadawalin duniya yanzu? Ki faɗa mana, don Alhaji ya san abin da 8,000 ke saya.

Yaya Ummi:
Ta koma makaranta, tana koyar da yara wasan a ƙarshen mako, tana biyan kuɗin karatunta da shi. Ba ta yi nadama ba, ta gwada ta san iyakarta.

Ɗan Barkwanci:
Ni abin da na fahimta shi ne yaro na dukan bango, bango na dukan aljihun uba. Alhaji, in bango ne matsalar ai akwai shi a gida, kuma ba ya neman biza.

Malam Tsohon Ɗan Wasa:
Ana maganar rayuwar yaro kana wasa. Alhaji, bari in amsa tambayarka ta biyu tunda kowa ya tsallake ta. Ni na buga, ba a allo na kalla ba. Makin PSA na watanni 12 da suka wuce ake lissafawa, kuma sabon shiga ba shi da maki, don haka shiga gasar ma wahala ce, sau da yawa yana jerin masu jira sai wani ya janye. In ya shiga kuma da manyan gasar ake haɗa shi tun farko. Shekarar farko ta shan kashi ce ga kusan kowa. Ba za ta gaya maka ko zai iya ba. Birmingham ce za ta gaya maka, domin can zai gamu da sa'o'insa na Masar da Ingila da Pakistan da Malesiya da Indiya a mako guda. Ka biya wannan tafiyar kawai. In ya tsaya wa na sahun gaba har wasa na biyar, ka sake tunani. In ana cinye shi 11-3, 11-4, ka samu amsa da araha.

Abu Raket:
Malam, wannan tsohon tunani ne. Paul Coll fa? Daga wani ƙaramin gari a New Zealand ya fito, ba wanda ya san shi a matasa, ya zama na ɗaya a duniya a 2022 yana da shekara 29. Da ubansa ya yi irin lissafinka da ba mu san shi ba. Kuma yanzu ga Olamfik, an saka sikwash a Los Angeles 2028.

Malam Tsohon Ɗan Wasa:
Maza 16, mata 16 za su buga a Los Angeles. Duk duniya. Ɗan'uwa, ka taɓa shiga fili ka yi minti 40 kana numfashi sama-sama, ko tashar kallon wasan, SquashTV, ce makarantarka?

Abu Raket:
Sai na yi wasa kafin in san lissafi? Ai Kawu ma bai buga ba kuma kowa na sauraronsa.

Kawu Mai Haƙuri:
Ni na biya. Wanda ya biya ya fi wanda ya buga sanin abin da aka tambaya.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai. Kawu, labarinka ya taɓa ni. Yaya Ummi, don Allah a cikin 8,000 ɗin akwai inshorar lafiya? Malam kuma, in ya je Birmingham a Janairu ai zangon karatu ya riga ya fara, ka ga sai na yanke shawara kafin in ga sakamakon. Nan ne na maƙale.

Goggon Yara:
Tunda an ambaci Birmingham, ku gaya wa yaron ya shirya wa alƙalan wasa. Ɗan yayata ya je wata gasar matasa a Turai, suna 9-9 a wasa na biyar, abokin karawarsa ya buga ƙwallo ta dawo kan shi mai bugun, ya ƙi matsawa. Yaro ya tsayar da raket don kada ya fasa masa fuska, ya nemi let, wato a sake buga makin. Alƙali ya ce babu let. Sitirok ne ƙarara, wato makin na yaronmu ne kai tsaye, har iyayen ɗayan yaron sun sunkuyar da kai. Kuɗin jirgi da na masauki duk suka tafi a kan hukunci guda.

Yaya Ummi:
Goggo kin taɓo inda ke min ciwo. A wasu ƙananan gasannin ma 'yan wasan ne ke yi wa juna alƙalanci, wanda ya gama nasa ya hau kujera. Duba bidiyo sai a manyan gasanni irin na Grand Central a New York da na El Gouna a Masar.

Abu Raket:
Manyan ma me suka tsinana? An dakatar da Asal a 2023 kan yadda yake motsi a fili, alhali wasu na tare hanya kullum ba a ce musu uffan.

Malam Tsohon Ɗan Wasa:
Ka sake kallon wasannin a hankali, ka dubi ƙafar baya da hannun da ba ya riƙe da raket. Doka ta ce ka buga ka ba abokin karawa hanya zuwa ƙwallo. Laifin alƙalai shi ne sun bar yara suna kwaikwayon tare hanya tun suna 'yan ƙasa da 13.

Goggon Yara:
To su wa ke horar da alƙalan? Wanda ya yi wa namu hukunci ko kallon inda ƙwallon ta faɗi bai yi ba, yana rubutu a takarda. Akwai inda ake kai ƙara, ko sai dai a haɗiye?