Neman shawara: yadda zan bayyana wa ɗalibaina kalmar "peek"

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Ina koyar da Turanci a ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuma a makon jiya na ba ɗalibaina aikin rubuta gajeren labari domin shirin jarrabawar WAEC. Wata yarinya mai ƙwazo ta rubuta "the boy peaked through the window", tana nufin yaron ya leƙa ta taga, sai na ja layi da jan biro na rubuta "peeked" a sama. Da ta zo tana tambayar bambancin kalmomin biyu, da kuma ko "peek" ɗaya take da "peep" da "glance", na ba ta amsa a taƙaice, amma na ga alamar ba ta gamsu ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Ina roƙon ku taimaka mini da bayanin da zai zauna a kan ɗalibai.

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara musu da kalmarmu ta "leƙe", domin ita ce mafi kusa. Abu biyu ne ke haɗuwa a cikin "peek": kallon ba ya daɗewa, kuma yawanci mai yin sa ba ya son a gan shi, ko kuwa abin da yake kallo ba a ba shi izinin gani ba tukuna. Yaron da aka ce ya rufe ido a wasan ɓuya, sai ya ɗan ware yatsunsa yana satar kallon inda abokansa suka nufa, shi ake ce wa "no peeking". Kalmar tana zuwa a matsayin aikatau, tare da "at" ko "into" ko "through" ko "out", tana kuma zuwa a matsayin suna, kamar a "take a peek". Ita kuwa "peak" ƙololuwa ce, ta dutse ko ta wani al'amari, sannan akwai ta uku, "pique", wadda Turanci ya aro daga Faransanci, ana amfani da ita wajen tayar da sha'awa ko nuna jin haushi. Duk ukun lafazinsu ɗaya ne, shi ya sa Turawan kansu sukan rubuta "sneak peak" maimakon "sneak peek", wato ɗan abin da ake nuna wa jama'a kafin a fito da shi gaba ɗaya. Ni nakan ce wa ɗalibaina su ɗauki haruffan "ee" biyu a matsayin idanu biyu masu leƙe.

Hajiya Binta:
Bayanin Malam Nasiru ya yi daidai, sai dai a matsayina na mai aikin fassara ina jan hankalinki cewa "leƙa" ta Hausa ta fi "peek" faɗi. Idan na ce na leƙa maƙwabciyata da ta haihu, ziyara nake nufi, kuma ɗalibin da ya sa "peek" a nan ya mayar da zumunci abin zargi. Abin da ya dace shi ne "look in on" ko "drop in on". Haka nan leƙen asiri "spying" ne ko "espionage". Inda harsunan biyu suka dace da juna shi ne wajen abin da ya ɗan bayyana daga ɓoye, kamar rana idan ta leƙo daga bayan gajimare. Game da "glance" kuwa, kallo ne na ɗan lokaci wanda babu ɓoyo a cikinsa, irin wanda malami ke yi wa agogo yana tsakiyar darasi.

Malam Abdullahi:
Malama, "peep" da "peek" sukan maye gurbin juna, amma ki gargaɗe su cewa "peep" na iya ɗaukar ma'ana mara kyau saboda "Peeping Tom", sunan da ake ba mai leƙen mutane a cikin sirrinsu. Asalinsa tatsuniyar Lady Godiva ce, matar wani basarake a Ingila a ƙarni na 11, wadda aka ce ta ratsa garin Coventry a kan doki ba sutura domin mijinta ya sauƙaƙa wa talakawa haraji, kowa ya rufe ƙofarsa sai wani Tom da ya leƙa. Sannan ki kula da lafazi, domin yaranmu sukan haɗa "peek" da "pick". Ki tuna musu yadda tsawon wasali ke raba garin da muke zaune a ciki da garin tuwo, za su gane cewa wasalin "peek" ja ake yi.

Malama Hadiza:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ranar Litinin zan rubuta jimlar yarinyar a allo ba tare da sunanta ba, in sa ɗalibi ɗaya ya leƙo ta tagar aji, wani kuma ya dubi agogon bango, sai su faɗa mini kalmar da ta dace da kowanne.