Me ya sa ake yi wa Baba allurar olsa alhali bai taɓa yin ta ba?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Ma'aikatan lafiya, don Allah ku taimaka. Mahaifinmu ya yi haɗarin mota ya bugu a kai, yanzu yana ɗakin kulawa ta musamman, na'ura ke taimaka masa numfashi. Cikin abin da ake rubuto mana kullum akwai allurar pantoprazole, mai kemis ya ce ta olsa ce. Baba bai taɓa kukan gyambon ciki ba, yaji ma son ransa yake ci. Kuɗi sai fita suke yi. Dole ce?

Nas Bilki: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa, kada a tsallake ta. Wannan gyambon ba ruwansa da yunwa ko yaji. Idan ciwo ya yi tsanani, jiki kan karkatar da jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, bangon tumbi ya rasa rabonsa, kariyarsa ta yi rauni, asid ya fara cinsa. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ƙananan raunuka su fito. Marar lafiya kuwa ba bakin faɗa. Mu ne muke gani in mun zuƙo robar da aka zura ta hancinsa zuwa tumbi, abu ya fito baƙi-baƙi, ko mu zo gyara shi mu tarar da bahaya kamar kwalta, alamar jini na zuba a ciki. In kin ga haka, ki kira nas nan take.

Likitan Dare: Hajiya, Baba na cikin waɗanda suka fi bukatarta. Binciken da aka yi a Kanada a 1994 ya nuna haɗarin zubar jinin ya fi yawa ga wanda ya wuce awa 48 kan na'urar numfashi, da wanda jininsa ba ya daskarewa. Ga kuma bugun kai, wanda tun 1932 likita Harvey Cushing ya nuna alaƙar ciwon ƙwaƙwalwa da gyambon ciki. Wani babban gwaji na 2024 kan masu na'urar numfashi ya samu zubar jini mai haɗari ga kashi 1 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar, sauran kuma kashi 3.5.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sallamar mutane da omeprazole, maganin rage asid irin wannan allurar, su yi ta sha wata da watanni. Rage asid ba dalili na iya buɗe ƙofa ga muguwar gudawa. Idan an cire na'ura, Baba ya fara cin abinci, ki tambayi likitansa ko lokacin tsayarwa ya yi. In jini ya zuba duk da haka, akan ƙara ƙarfin maganin, a yi ƙarin jini in ya yi ƙasa, a zura kyamara ta baki a nemo wurin.

Maman Hanif: Na gode, Allah ya saka. Yayarmu na so ta ɗiga masa kunu a baki, ya halatta?

Nas Bilki: A'a, zai iya faɗawa huhu. Ciyarwa da wuri na taimaka wa tumbi, amma ta roba, da izinin likita. Ku miƙa wa nas kunun, ita za ta duba ko ya dace.