Neman kalma: me za a kira "dry fire" a harbin baka?

Tafinta: Salamu alaikum. Ina fassara littafin gargaɗi na bakan zamani, irin mai fuli (wato 'yar ƙafa mai juyawa da tsarkiya ke bi ta kanta) a kowane kai, wanda Ba'amurken nan Holless Wilbur Allen ya yi wa rajista a 1969. Gobe da hantsi zan miƙa aikin. Kalmar "dry fire" ce ta tsaya min a wuya, wato mutum ya ja tsarkiya har ƙarshe ya saki alhali ba kibiya a kai. Gajeriya nake so, wadda za ta zauna a kan layin gargaɗi.

Ɗan Lungu: Busasshen harbi.

Malam Nahawu: Subhanallahi. Da can jiƙaƙƙe ne? Wannan Turanci ne ka sa masa hula. Ni tuni na ba da "harbin holoƙo". Hadari ya haɗu, iska ta taso, an yi rugugi, ruwa ko ɗigo. To haka bakan ya yi.

Uwar Biyu: Harbin iska fa?

Malam Nahawu: A'a Hajiya, za a ɗauka aljanu ne suka taɓa mutum. Ko kuma wanda ya harba sama don tsoratarwa, shi kuwa da kibiyarsa.

Tsohon Maharbi: Ku bari in faɗi abin da ke faruwa tukuna, don kalmar ta tsorata mai karatu. Baka mai nauyin ja laba 70 yana tara ƙarfi a rassansa, kibiya ce ke kwashe mafi yawansa ta tafi da shi. In babu ita, ƙarfin ba inda za shi sai ya koma jikin bakan. Tsarkiya ta zame daga kan fuli ko ta tsinke, fulin ya lanƙwashe, reshe ya tsage, ɗan zoben da ake leƙe ta cikinsa ya yi tsalle, kuma fuskarka ce mafi kusa. Ni ya taɓa faruwa da ni, ina gwada wa yaro yadda ake ja, yatsana ya taɓa kunamar 'yar na'urar da ke sakin tsarkiya. Ƙarar kamar an sari ƙarfe. Da ido ban ga komai ba, sai da na goga auduga a reshen ta maƙale a wata 'yar tsaga. Shi ya sa ake cewa kada a sake jan sa sai gwani ya ɗora shi a kan na'urar matse baka ya duba. Har kibiya mai rashin nauyi ma tana jawo kusan haka, baka mai laba 70 ba ya son ƙasa da giram 23 ko kusa da haka. Saboda haka ni a wurina ba harbi ba ne, tunda ba a harba komai ba. Saki ne. Sakin wofi.

Malam Nahawu: Allah ya ja kwana Baba, amma "sakin wofi" wa zai ji bai tuna da aure ba? Sannan wannan "fuli" da kuke ta maimaitawa, ita ma baƙuwa ce. Holoƙo kuwa Hausa ce tsantsa.

Ɗan Lungu: Allah gafarta malam, yau mutum nawa suka san holoƙo? Gargaɗin da sai an buɗe ƙamus, kafin a gama an rasa ido.

Malam Nahawu: Jahilcin yaran zamani ba hujja ba ne. Shekara 30 ina koyar da harshen nan. Kuma tsirkiya ake cewa, ba tsarkiya ba.

Uwar Biyu: Duka biyun ana faɗa, Malam, kowa da karin harshensa.

Tsohon Maharbi: Malam, ka taɓa jan baka kuwa? Ko dai harbin naka na baka ne kawai?

Malam Nahawu: Ba sai na yi haihuwa zan san sunan naƙuda ba.

Tafinta: Don Allah iyayena a yi haƙuri, dare na yi. Ga jimlar da ke gabana: kamfani ba ya biyan ɓarnar da wannan abu ya jawo. In na sa holoƙo a nan, mai bakan zai ce ai ba a hadari ya harba ba. Ga abin da zan yi. A karon farko in rubuta "sakin tsarkiya ba kibiya", bayan nan in riƙa cewa "sakin wofi". Inda gindin kibiya ya fashe lokacin saki kuma, in ce "kamar sakin wofi".

Tsohon Maharbi: Ya yi, 'yata. Ki dai ƙara cewa ko sau ɗaya ne ya isa ya lalata shi.

Malam Nahawu: Na farkon bayani ne, ba suna ba. Na biyun kuma ban yarda da shi ba. Amma aikinki ne. Ko a ƙasan shafi ki sa holoƙo.

Tafinta: Littafin ba shi da ƙasan shafi, Malam. Fulin fa, a bar shi haka?

Ɗan Lungu: Ki je ki kwanta, Anti. Kada ki tayar mana da wani hadarin.