Naɗar murya a gida: abin da masu harkar sauti a Katsina suka tsayar

Kan manhaja bakinsu ya zo ɗaya: Audacity, ta naɗa da gyara sauti, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux. A sa saitin ingancin naɗi (sample rate) a 44100 Hz, a adana aikin a WAV, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, sai an gama gyara a fitar da MP3.

Makirfo ne ya ja zance. BM-800 tana da araha, amma in aka cusa ta kai tsaye a kwamfuta murya kan fito siririya da shuuu, don tana son wuta volt 48, wadda kwamfuta ba ta bayarwa. Gara ta USB irin Samson Q2U, wadda ba ta kwaso kukan Keke Napep daga titi sosai.

Ƙugin da ke bin murya kuwa, sau da yawa cajar kwamfuta ce, musamman a kan janareto. A zare ta, a naɗa da batir. Fanka ma a kashe, duk da zafin Afrilu. Ɗaki mai katifa da labule ya fi falon tayil, inda murya ke amsa kuwwa.

Baki ya yi ɗani ɗaya da makirfo, a ɗan karkace, ƙarfin sauti kada ya haura -6 dB a ma'aunin Audacity. A bar daƙiƙa 5 na shiru a farko. Da su Audacity ke gane hayaniyar da za ta cire. In aka matsa cirewar, murya ta koma kamar daga cikin randa.