Ta ina zan fara jin Ella Fitzgerald?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina gyaran ɗakin marigayi Babanmu sai na ci karo da akwatin fayafayan garmaho, uku daga ciki da hoton wata baƙar mata 'yar Amurka, Ella Fitzgerald. Garmahon ya daɗe da mutuwa, sai na nemi sunanta a YouTube. Wallahi waƙoƙi kamar ƙasa, na rasa ta inda zan kama. Don Allah wanda ya san ta ya ɗora ni a hanya.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Dole ki rasa, 'yata, matar da ta fara waƙa a 1934 ba ta sauka daga dandamali ba sai farkon shekarun 1990. Ni a rediyon gajeren zango na san ta, a shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka, cikin dare, murya tana zuwa tana ɗaukewa.

Ki fara daga tushe. Tana 'yar shekara 17, uwarta ta rasu, ba ta da tsayayyen wurin kwana, ta shiga gasar sababbin hannu a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a Niyok. Rawa ta je yi. Da ta ga 'yan matan da suka riga ta fita, gwiwarta ta yi sanyi, sai ta ɓige da waƙa, kuma ta cinye gasar. A 1935 Chick Webb, wani ɗan gajeren makaɗin ganga mai ciwon ƙashin baya, ya ɗauke ta cikin ƙungiyarsa da ke kiɗa a zauren rawa na Savoy. Irin ƙungiyoyin nan maza ne goma sha wani abu, galibi masu busa. Zabiya kujera ake ajiye mata a gefe, in an zo gurbinta ta miƙe ta yi baiti ɗaya ta koma ta zauna, don mutane rawa suka zo yi. Nemi "A-Tisket, A-Tasket" ta 1938, ita ta fito da sunanta.

Nura: Ranka ya daɗe Malam, a yi min afuwa, amma in Ummi ta fara da wannan guduwa za ta yi. Waƙar wasan yara ce aka ɗora wa kiɗa, muryar ma ba ta gama nuna ba. Ummi, tsallaka zuwa 1956. A shekarar ne manajanta Norman Granz ya kafa kamfanin Verve, ya sa ta rera waƙoƙin Cole Porter, faifai biyu cur. Daga nan suka bi manyan marubuta waƙa ɗaya bayan ɗaya, kundi takwas zuwa 1964. In kina son jin Turanci tar, kowane harafi a mazauninsa, nan ne wurin.

Malam Habu: Nura, ba ka san tuwo ba sai miya. Wanda bai ji ta a gaban gangar Webb ba, ba zai gane inda ta samo wannan tsayuwar a kan kiɗa ba. Ka tuna Webb ya rasu a 1939, aka liƙa wa ƙungiyar sunanta tana da shekara 22, suka ci gaba da yawo har 1942.

Ummi: To me ya raba su a 1942, Baba Malam?

Malam Habu: Kuɗi da yaƙi. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari zuwa soja, aka taƙaita mai da tayar mota, ga ƙungiyar makaɗan Amurka ta hana mambobinta shiga ɗakin ɗaukar faifai daga 1942 zuwa 1944 saboda rigimar haƙƙi. Ciyar da ƙarti goma sha biyar a kan hanya ya gagara. Zabiyoyi da yawa da ƙungiyoyinsu suka nutse tare. Ita kuwa sai ta bi yaran sabon salo irin su Dizzy Gillespie, ta koyi yi da baki abin da suke yi da ƙaho.

Anti Bilki: Yauwa, nan nake jira a zo! Ummi, bar mazan nan da musunsu. Nemi wasan da ta yi a Barlin a 1960, waƙar "Mack the Knife". Tana tsakiyar waƙa baitoci suka ɓace mata. Ko gezau. Ta shiga ƙirƙirar nata nan take, tana faɗa wa jama'a cikin waƙar cewa ta manta, har da kwaikwayon muryar Louis Armstrong mai gurnani, kina jin dariya a maƙogwaronta. Wannan ɓatan kan ne ya ciyo mata kyautar Grammy. Kada ki kashe in ta ƙare, "How High the Moon" ce ke biye, inda take ajiye kalmomi gaba ɗaya ta koma busa da baki. Na taɓa sa ta ina suyar albasa, ban farga ba sai da hayaƙi ya cika kicin.

Nura: Anti, wannan kam ba musu. Amma ranar makaɗa huɗu ne kacal a bayanta. In babbar ƙungiya Ummi ke son ji, ta nemi kundinta da Duke Ellington na 1957.

Sadiya: Ni nawa zaɓin na mai gajiya ne: "Ella and Louis", 1956, ita da Louis Armstrong. Muryarta kamar man shanu, tasa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, amma sun dace. Bayan isha'i, a rage sauti.

Ummi: Na duba fayafayan yanzu. Ɗaya an rubuta "Ella and Basie!", sauran biyun bangonsu ya yage.

Malam Habu: Ashe Baba ya san kaya! Na 1963 ne, ita da ƙungiyar Count Basie, Quincy Jones ne ya tsara kiɗan tun yana matashi. Na janye maganata, fara da wannan. Tana da shekara 46 a lokacin, murya ta cika, kuma ga masu busa a bayanta kamar zamanin Savoy.

Nura: Ni dai shawarata kada ki wuce 1970 da ɗoriya. Bayan nan muryar ta fara rawa.

Anti Bilki: Haba Nura, kai ba za ka tsufa ba? Ido ya yi rauni, ga ciwon suga, an yi mata aikin zuciya a 1986, ta warke ta koma dandamali. Ki ji fayafayanta da mai jita Joe Pass, su biyu rak, ba ganga ba ƙaho. E, muryar ta yi kauri, numfashi ya ragu, amma ta san inda za ta ajiye kowace kalma. Ni na fi jin su a raina. A 1991 ta yi wasanta na ƙarshe a zauren Carnegie Hall na Niyok, ba a daɗe ba ta daina fitowa. A 1993 ciwon sugan ya sa aka yanke mata ƙafafu biyu, ta rasu a 1996 tana da shekara 79.

Sadiya: Ummi, fayafayan nan fa kada ki jibge su kwance, a tsaye ake jera su, nesa da rana, in ba haka ba su lanƙwashe. Kuma ban da goge su da tsumman kicin.

Ummi: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Yau da dare Basie, gobe Barlin. Saura mai gyaran garmaho, allurar ce ta karye. Akwai wanda ya san inda ake samunta?